Ina da larurar galahanga, kuma tirela nake ja

Da yawa in suka ji mai larurar galahanga, wato autism a Turance, ne ke jan tirela daga Kano zuwa Legas sai su ce ai da kasada. Ni kuwa ban taɓa samun aikin da ya karɓe ni kamar wannan ba. Na gwada zaman shago a Kantin Kwari, cinkoso da ja-in-jar ciniki suka kore ni. A kan mota daga ni sai yarona sai ƙarar inji, kuma in ƙarar nan ta sauya ko yaya, ina ji tun kafin bakanike ya gane. Kullum da asuba sai na zagaye motar: taya bayan taya, iskar birki, baƙin mai, ruwa, a jere ɗaya, ba na tsallake ko guda. A gida naci suke ce wa wannan hali. Maigidana kuwa saboda shi ya ba ni mota.

Lasisin aji G da koyon baya da bodi ba su ba ni wuya ba. Hanyar ma na haddace ta, Zariya, Kaduna, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, har Ogere inda muke hutawa.

Wajen lodi ne abin ya ci ni. Wanda ya san Dawanau a lokacin kaka ya san yadda take: ihun 'yan dako, hon, ƙura, mutum uku suna yi maka magana lokaci guda. Ni in abin ya taru sai kaina ya ɗauki zafi, maganar ma ta ƙi fita. Ranar nan haka ta faru, na hau kan mota na rufe gilashi na toshe kunne. Wani ɗan kamasho ya ƙwanƙwasa ya ce, "Malam direba, akwai ɗan ƙari kaɗan, ka yi haƙuri." Na ɗaga masa kai. Ni in aka ce kaɗan, kaɗan nake ji, buhu biyu ko uku. Tan 30 ne lodin motar, wato buhu 300 na masara mai kilo 100, kuma abin da ke takarda ke nan. Abin da suka jibga a ƙarƙashin tamfol ya wuce haka nesa.

Tun daga fita gari na ji motar tana nishi a giyar da ba ta saba ba. Kafin Mokwa tayoyin baya biyu suka fashe, sifirin ya karye. Muka kwana a bakin daji, aka yanke kuɗin gyara daga albashina, shi kuwa ɗan kamashon ya riga ya soke kuɗin ƙarinsa a aljihu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin ya lura da halin da nake ciki, shi ya sa ya zaɓi wannan lokacin.

Da na dawo na zauna da maigidana na gaya masa larurata ƙarara. Na ce, "Alhaji, tuƙi ka bar min, amma maganar baki a cikin hayaniya ba na kama ta." Ya fahimta, Allah ya saka masa. Yanzu yarona ne ke tsayawa a bakin bodi yana ƙirga buhu da alli, ni ina sama. Duk wanda ya zo da zancen ƙari sai ya faɗi adadi, a rubuta, a kira Alhaji.

Ɗan'uwa mai irin larurata, in kana son wannan sana'a, nemi yaron mota mai haƙuri da ya iya magana da mutane, domin shi zai tare maka 'yan kamasho da masu shinge a hanya. Ka fara da maigida mai kai kaya hanya ɗaya, sauyin hanya ba zato yana rikita mu. Kada kuma ka taɓa ƙwayoyin hana barci da wasu direbobi ke sha. Akwai 'yan kamashon da yanzu ba sa son yi min lodi, wai na cika tsauri, sai in yi ta jiran layi har wani ya zo da kaya daidai takarda.