Laraba: sababbi biyu a ɗakin sa ido

Yau aka kawo mana sababbin ma'aikata biyu a ɗakin sa ido kan tsaron kwamfutoci, wanda 'yan aikin ke ce wa SOC. Saurayi ɗaya da ya gama hidimar ƙasa, da wata da ta fito daga 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na horar da matasa kan fasahar zamani. Saurayin ya zo da Kali Linux, tsarin da ke cike da kayan gwajin kutse, a kwamfutarsa, bai ko zauna ba ya ce, "Oga, yaushe za a fara kutse?" Babu kutse a matakin farko. Aikin shi ne ka karanta gargaɗin da na'ura ta fitar, ka raba na gaske da na ƙarya, ka rubuta rahoto, wanda ya fi ƙarfinka ka miƙa sama.

Gargaɗin safe kan asusu ɗaya ne da aka yi ta gwada masa kalmar sirri ana faɗuwa. A Windows, duk yunƙurin shiga da ya gaza yana barin lamba 4625 a kundin da na'ura ke rubuta abin da ya faru, wanda ya yi nasara kuma 4624. Yawan 4625 kaɗai ba hujja ba ce, sai an buɗe cikinsa. Nau'in shiga na 3 ta hanyar sadarwa ne, na 10 kuma RDP ne, wato sarrafa kwamfuta daga nesa, mai bin tasha ta 3389, kuma shi ya fi tayar da hankali in daga waje ya zo. Sannan lambar dalilin gazawa: 0xC000006A na nufin sunan daidai ne, kalmar sirrin ce kuskure, 0xC0000064 kuma sunan ma babu shi. In ta biyun ta yi yawa daga adireshin IP ɗaya, wato lambar da ake gane na'ura da ita a hanyar sadarwa, wani ne ke lalube da jerin sunaye. In ta farkon ce, kan asusu ɗaya, tana dawowa daidai bayan kowane 'yan mintuna, yawanci mai asusun ne ya sauya kalmar sirri, wayarsa kuma tana ta tura tsohuwar don ɗauko imel. Na yau haka ya kasance. Amma ba a rufe magana sai an bincika ko 4624 ta biyo baya daga wannan adireshin. Nan sababbi ke tsallakewa, alhali nan ne ake gane ko ɓarawo ya riga ya shiga.

Yarinyar ce ta lura lokutan ba sa haɗuwa. Katangar tsaronmu, wato na'urar da ke tace abin da ke shiga da fita hanyar sadarwarmu, da agogon duniya na UTC take rubutu, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya. Wanda bai daidaita wannan ba zai ga sakamako ya riga dalilinsa faruwa. Irin wannan idon ake nema.

Bayan azahar wani ma'aikaci ya turo imel da yake zargi, wai takardar neman biyan kuɗi. Aka buɗe bayanan kan saƙon: adireshin mai aikowa daban, wanda amsa za ta koma daban. SPF da DKIM, gwaje-gwajen da ke tabbatar da cewa imel ya fito daga sunan shafin da ya ambata, duk sun wuce lafiya, saurayin ya ce to ai shi ke nan. Ba shi ke nan ba. 'Yan damfara kan yi rajistar suna mai kama da na kamfanin gaske, su sauya harafi ɗaya, su saita SPF ɗinsu tsaf. Fayil ɗin da aka maƙala kuwa ba a ɗora shi a VirusTotal, shafin da ke duba ko fayil na ɗauke da cutar kwamfuta, domin masu biyan kuɗin shafin na iya sauke abin da aka ɗora, ka ga ka tona sirrin kamfani da hannunka. Ana fitar da lambar SHA-256 ɗinsa ne, wadda kamar zanen yatsan fayil ɗin take, a nemo ta ita kaɗai a shafin.

Rahotonsu na farko ya koma hannunsu. "An duba, babu matsala" ba rahoto ba ne. Lokaci da agogon da aka bi, asusu, adireshi, abin da aka gani, abin da aka yi, abin da ya rage. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da NDPC, hukumar kare bayanai ta Najeriya, in an samu ɓarakar da ke iya cutar da masu bayanan, kuma daga rubutun ƙaramin ma'aikaci ake gane yaushe aka fara sani.

Sun tambayi wace takardar shaidar ƙwarewa za su nema. Jarrabawar Security+ ta ƙungiyar CompTIA, mai lamba SY0-701, tambayoyinta ba sa wuce 90 cikin minti 90, ana cinta da maki 750 cikin 900, kuma da dala ake biya, don haka ba a shiga da ka. Tana kai mutum teburin intabiyu, amma a can tambayar da ke kayar da mutane ita ce yadda DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshin IP, ke aiki.

Aikin gida da suka tafi da shi: kwamfuta mai RAM 16GB, VirtualBox mai ƙirƙirar kwamfutocin gwaji a cikin kwamfuta, Windows ɗaya da Sysmon mai rubuta abin da ke faruwa a kai, sai Wazuh mai tattara bayanan ya fitar da gargaɗi, wanda shi kaɗai yana son kusan 8GB. A ware su a hanyar da ba ta fita intanet. Nmap, manhajar lalubo tashoshin da ke buɗe, a kan injinanka kawai, domin shiga na wani ba izini laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015. Kowa ya yi kuskuren kalmar sirri sau 20 da gangan, ya nemo 4625 ɗinsa a Wazuh, ya kawo rahoto ranar Litinin.