TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 7: Ciwon da na ɓoye shekara uku

Assalamu alaikum jama'a. Wancan satin mun tsaya inda na fara dako a kasuwar Dawanau bayan rasuwar Baba, toh a can ne wannan ciwo ya same ni.

Wata ranar Laraba ina cicciɓar buhun masara mai kilo 100 zan ɗora a tirela, kawai sai na ji wani abu ya soke ni a matsematsina na dama kamar tsinke. Na dire buhun na huta, ya lafa, na cigaba da aiki. Da daddare wajen wanka na shafa wajen sai na ji ɗan kumburi kamar ƙwan zabo, in na kwanta rigingine ya koma ciki da kansa har da 'yar ƙara ƙululu, in na yi tari ko na yi nishi a bayi sai ya leƙo. Haka muka dinga yi da shi, sati biyu lafiya lau, ranar da aka sauke kaya da yawa kuma in koma gida ina ɗingishi.

Kowa da tasa fassarar. Abokin aikina ya ce kaluluwa ce, wani ya ce sanyi ne ya kama ni, mai maganin da ke talla da lasifika a bayan mota ya rantse basir ne na ciki, na sayi jarka guda na sha har ta ƙare, banda zawo ba abin da na samu. Kuma wallahi kunya ce ta fi cutata, waje ne da ba ka iya nuna wa kowa, ko maman yara sai da ta ga ina dafe wajen in zan tashi daga sallah ta ce "Maigida don Allah ka je asibiti, wannan abu ya isa haka."

Likitan ya sa na tsaya a tsaye, ya ɗora yatsa a wajen ya ce in yi tari. Nan take ya ce "Malam ƙaba ce." Ya min bayani dalla-dalla, wai bangon cikin ne ya yi rauni a nan sai hanji yake turowa ta ƙofar, ɗaukar nauyi da tari mai daɗewa da taurin bayan gida su ke ƙara buɗa ta. Ya ce kaluluwa daban, ita ba ta komawa ciki kuma yawanci ciwo ne a ƙafa ke tayar da ita, akwai kuma jan tsoka irin na 'yan ƙwallo da tsakuwar ƙoda da zafinta ke saukowa har nan, shi ya sa ba a shan magani da ka. Tawa dai ba ƙwaya ko jiƙon da zai toshe ta sai tiyata, a sa 'yar raga a ɗinke, in yi kamar sati shida ban ɗau nauyi ba. Ya ja min kunne sosai, duk ranar da ta yi tauri ta ƙi komawa, ga amai ga ba bayan gida, ko tsakar dare ne in taho, hanji ne ya shaƙe.

Sati shida ba dako, ga kaka ta shigo, ga yara huɗu. Na ninke takardar na sa a ƙasan katifa.

Wata biyar bayan nan, wajen ƙarfe 2 na dare, na farka na danna wajen kamar yadda na saba, ya ƙi komawa. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.