TARIHIN RAYUWATA kashi na 6: Hoton da ke bangon ɗakina

Jama'a barkanmu da war haka. Satin da ya wuce mun tsaya inda Yaya ya bar min tsohuwar wayarsa da memori cike da waƙoƙi, to a cikin memorin nan ne na ci karo da mutumin da ya kusa raba ni da boko, wato Jay-Z, mawaƙin rap ɗin nan na Amurka.

A 2010 ne, ina aji huɗu a sakandare. Turancin ba wani jinsa nake ba, amma yanda mutumin yake jero magana a kan kiɗa ba ihu ba gaggawa, kamar hira yake da kai, shi ya tafi da imanina. Na samo hotonsa na manna a bango, na sayi hular nan mai tambarin NY, har tafiyata sai da ta canza. Bayan littafin lissafina kuwa ya cika da baitocin rap.

Sai wani abokina ya kawo min labarin wai Jay-Z baya rubuta waƙa a takarda, a ka yake haɗa ta ya shiga sutudiyo ya zubo. Gaskiya ne fa, haka yake yi. Abun da ban gane ba shine shi ya shekara da shekaru yana wannan horon. Ni kawai na yage baitocina na ce ai nima haka zan yi. Ranar wasan ƙarshen zango na hau dandamali na karɓi makirufo, baiti biyu na yi kaina ya ɗauke wuta, wallahi ina jin kiɗa na tafiya ina ta "yo, yo" gumi na bin bayana har aka kashe sauti. Daga ranar sunana ya koma Jay-Zero, har yau akwai masu kirana haka.

Labari ya iso gida kafin ni. Da daddare Baba ya leƙo ɗakina, ya daɗe yana kallon hoton sannan ya ce "Wannan ɗin ɗan wane ne?" Na yi shiru. Ya ce "Kana kwana da hoton mutum baka san asalinsa ba? Je ka nemo min labarinsa."

Kwana uku ina tono a intanet. Sunansa na gaskiya Shawn Carter, an haife shi 1969, ya tashi a gidajen talakawa na Marcy a Brooklyn ta birnin New York, ubansa ya tafi ya bar su yana yaro, ko sakandare bai gama ba. Kamfanonin waƙa suka ƙi ɗaukarsa, shine shi da abokansa biyu suka kafa nasu, Roc-A-Fella, yana sayar da faifansa daga but ɗin mota kafin albam ɗinsa na farko ya fito a 1996. Ya buɗe kamfanin kayan sawa Rocawear, ya sayar da shi dala miliyan 204 a 2007, ya shugabanci kamfanin waƙa na Def Jam, a hannunsa aka ɗauki Rihanna. (Da mujallar Forbes ta ce ya zama biloniya a 2019, na farko cikin 'yan rap, Baba na fara kira, ya ce shi bai yi mamaki ba.)

Na zayyana wa Baba duka, har da inda bana so, cewa ya sayar da ƙwaya yana matashi, tunda shi ma da bakinsa yake faɗa. Baba ya ce "Wannan in ka kwaikwaya ba ni ba kai." Ya ɗan yi shiru, ya ce "Kai hula ka gani. Ni ɗan kasuwa na gani, wanda aka rufe wa ƙofa ya je ya gina gidansa. To kai me kake da shi da zaka zuba a but ɗin mota?"

Bani da amsa, kuma bai ce in cire hoton ba. Na koma na ɗinke littafin da na yage da salatif, na ci gaba da rubutu, wannan karon da Hausa. Bayan wata biyu wani mai sutudiyo ya ji waƙata ya miƙo min wata takarda wai in sa hannu, zai ɗauke ni kyauta. Na ninke ta na ce zan kai wa Baba ya gani, nan take fuskarsa ta canza.

Abun da ke cikin takardar sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.