Kabarin Yumɓu a Tsakar Gidanmu

A bara na lura cewa 'ya'yana sun haddace labarin haihuwar Yesu Almasihu, amma idan aka zo kan tashinsa daga matattu sai su yi ta kame-kame, don haka na yanke shawarar mu gina labarin da hannuwanmu kafin ranar Ista.

Mun cika tsohon faranti da ƙasa, muka kifa rabin ƙaramar ƙwarya muka shafe ta da yumɓu ta zama kogon kabari, sannan muka ɗaure karan dawa da zare muka kafa gicciye uku. Ranar Jumma'a babbar 'yata ta naɗe guntun itace, a madadin jikin Yesu, da farin ƙyalle a matsayin likkafani, ta sa a kogon, ƙaninta kuma ya toshe ƙofar da dutse. Ranar Asabar na hana kowa taɓawa, kuma a ganina wannan jiran ya koya musu fiye da duk bayanin da na yi, domin sun ɗanɗana zaman zullumin almajirai.

Da asubahin Lahadi na kawar da dutsen, na cire itacen, na bar ƙyallen a naɗe kamar yadda Yohanna 20:7 ta faɗa game da mayafin kan Yesu. Da muka karanta Markus 16, inda matan suke tambayar juna wanda zai mirgine musu dutsen, autana ya ce ai shi ne ya rufe, me ya sa ba a tashe shi ya buɗe ba?

Geron da muka yafa a gefen kabarin ya tsiro, ko da yake zafin bazara ya sa sai da muka riƙa ba shi ruwa safe da yamma.