Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Tafiyarmu Asibitin Ido na Kano

A makon jiya na tsaya a inda yanar ido ta rufe idanun kakata duka biyu, har ba ta iya zuwa sujada sai na ja mata sanda. Da kakar 1978 ta shigo aka gama girbi, Baba ya sayar da gyaɗarsa, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, jibi za mu tafi Kano a duba idon nan." Da yake ɗan farinta ne, ba ta amsa masa kai tsaye ba, ni ta juyo wa ta ce, "Maigidana, ka ji, sai ka shirya sandarka." Ina da shekara 11 a lokacin, kuma ban taɓa shiga birni ba.

Kafin wannan tafiya, abin da na sani game da ikkilisiyarmu ta ECWA bai wuce majami'armu ta ƙasa mai rufin kwano ba, da fastonmu wanda yake noma kamar kowa, da gangar Zumuntar Mata da ke tashi kowane mako. Saboda haka da muka isa asibitin ido na Kano na ga sunan ikkilisiyarmu a jikin allo, na ga jama'a cike da harabar, Fulani da Barebari da mutanen Nijar, mafi yawansu Musulmi, kowa na jiran a kira shi, sai na tambayi Baba ko wannan wurin ma namu ne. Ya ce namu ne kuma na duk mai ciwon ido, domin tun 1943 da mishan ta buɗe shi haka yake aiki.

A daren da aka yi wa Inna aiki, ni da Baba muka kwana a kan tabarma tare da sauran 'yan jinya, kuma a nan ne ya ba ni labarin da har yau nake ba jikokina. Ya ce a watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani, wato har da ƙasarmu. Shekara ba ta cika zagayowa ba Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake dawowa, zazzaɓi ya sake kora shi, sai a karo na uku ne aka samu aka kafa tashar farko a Patigi a 1902. Daga wannan ƙungiya ta mishan, wato Sudan Interior Mission (SIM), ne ikkilisiyoyi suka yaɗu, har a 1954 suka haɗu suka zama ECWA, da hedikwata a Jos.

Baba bai daɗe a kan Turawan ba, ko da yake ya ambace su da girmamawa. Inda muryarsa ta canza shi ne da ya zo kan EMS, ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa da aka kafa a 1948, tun kafin ikkilisiyar kanta ta sami suna. Ya ce manoma irinsa ne suke barin gonakinsu su tafi ƙauyen da ba su san kowa ba, su nemi fili su yi bukka, su koya wa yara karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga tun 1932, kuma abin da ke riƙe su shi ne baikon talakawa. Nan take na tuna da ƙwaryar da mahaifiyata take ajiyewa kusa da murhu, wadda take zuba dintsin hatsi a ciki duk sa'ad da za ta yi tuwo. Na sha ganin ta kai wannan ƙwarya taron mata, amma sai a daren ne na gane inda hatsin yake zuwa. A ganina, duk wanda zai rubuta tarihin wannan ikkilisiya ya tsallake matan nan bai rubuta rabinsa ba.

Ya kuma gaya mini cewa shekara biyu kacal da suka wuce, a 1976, mishan ta miƙa wa ECWA ragamar asibitoci da makarantu da kantunan littattafai na Challenge. Ya lissafa mini asibitin Jankwano a Jos, da na Egbe, da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta Kagoro inda fastonmu ya yi karatu. Sai ya ce, "Ɗana, yanzu kayan a kanmu suke. In mun ɗauka sun tafi, in mun ajiye sun zauna." Bai yi tsawon ran da zai ga an buɗe Jami'ar Bingham ta ECWA a Karu ba, amma ina da yaƙinin da ya gan ta da ƙwaryar hatsin nan zai fara tunawa.

Ranar da aka kwance wa Inna ido, ma'aikaciyar jinya ta ɗaga yatsu uku ta tambaye ta nawa ne. Inna ta ƙirga daidai, sa'an nan ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta ce, "Ashe haka ka yi tsawo ban sani ba." Ta karɓi sandar daga hannuna ta miƙa wa wata tsohuwa Bafillatana da ke gadon kusa da nata, wadda ba a kai ga yi mata aiki ba tukuna.

A motar komawa gida Baba bai ce uffan ba har muka wuce rabin hanya. Daga nan ya sunkuyo ya shaida wa Inna cewa yana so ya ba da kansa ga aikin EMS, in ta yarda. Abin da ta amsa masa, da yadda muka bar gonarmu a hannun ƙanensa, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.