Harafin M ɗaya da ya hana ni barci

Har yau in na buɗe menuconfig, wato allon zaɓar abin da zai shiga kanel (zuciyar tsarin Linux) kafin a gina shi, na ga harafin M a gaban wani abu, sai na tsaya na sake dubawa.

A shekarar 2000 ne, sabar ofis tana kan Linux, nau'in Debian 2.2, ina son in mayar da ita kan RAID-1, wato faifai biyu masu ɗauke da kwafi iri ɗaya. Kanel ɗin Linux na 2.2 yana ɗauke da tsohon tsarin RAID, su kuma raidtools 0.90, manhajojin sarrafa RAID, ba su jituwa da shi, dole sai ka sa masa facin (gyaran rubutun kanel) da mai haɓaka Linux Ingo Molnar ya rubuta, wanda ya dace da lambar kanel ɗinka. Facin ya shiga lafiya, ko fayil ɗin .rej ɗaya, alamar ɓangaren da ya ƙi shiga, bai bari ba. Na mayar da nau'in fatishan ɗin sabon faifai zuwa fd don kanel ya gane shi a matsayin RAID, na rubuta saitin RAID a /etc/raidtab, na sa failed-disk a faifan da nake kai don mkraid, mai haɗa RAID ɗin, kada ya taɓa shi, na kwashe komai zuwa /dev/md0, sunan RAID ɗin. Na gyara lilo.conf, saitin lilo mai tayar da kanel, na sake kunnawa.

Kernel panic: VFS: Unable to mount root fs on 09:00.

Wannan 09 lambar md ce, direban RAID, wato kanel ya san inda zai je, shiga ce ta gagare shi. Na zargi facin, na zargi faifai, har kebul na canza. Ashe RAID-1 ɗin da M ya fita, modul kenan, wanda ake lodawa daga faifai daga baya, ba tauraro (*) mai sa shi a cikin kanel ɗin kansa ba. Modul ɗin yana kwance a /lib/modules, a cikin md0 ɗin da ba ya buɗuwa sai da shi: an kulle ɗaki, makullin yana ciki. Abin haushin, make bzImage, umarnin gina kanel, bai ce uffan ba, lilo ma ya karɓa hankali kwance. In ba ka yi initrd ba, wato ƙaramin fayil da ke loda modul tun farkon tashi, duk abin da tushen tsarin ke zaune a kai, RAID-1, direban IDE, ext2, tauraro za ka sa masa.

Abin da ya cece ni shi ne tsohon kanel da na bari a lilo.conf da root=/dev/hda1, wato faifan farko. Da na riga na yi raidhotadd na haɗe faifan farko, da sai dai neman fulofin ceto da tsakar dare. Don haka kada ka kuskura ka haɗe shi sai na'ura ta tashi daga md0 da idonka. Na sauya M ɗin, na sake gina kanel, ta tashi. Sannan na haɗe faifan farko, na zauna ina kallon /proc/mdstat, mai nuna halin RAID, har [_U] ya koma [UU], wato faifan biyu sun daidaita, ina addu'ar kada a ɗauke wuta.

Kanel 2.4 ya fito a Janairun 2001 da sabon RAID a cikinsa, faci ya zama tarihi. Tarkon M ɗin dai bai tafi ba, duk wanda ya gina kanel da kansa ba initrd yana iya faɗawa cikinsa.