Ku bar wa tsohuwar wasiƙa rubutunta

Ranar Asabar na tarar da 'yar ƙanwata da kwamfuta a cinya, tana kwafar wata wasiƙar Turanci ta ƙarni na 18 don aikin kammala digirinta. Duk inda jan layi ya fito ƙarƙashin kalma, sai ta danna ta gyara. Ina tsaye "chuse" ta koma "choose", "shew" ta koma "show". Na ce, "Ke, me kike yi haka?" Ta ce, "Kawu, kurakurai ne, mutumin bai iya rubutu ba." Gabana ya faɗi, domin maganar da na yi ke nan shekara talatin da suka wuce.

Ina ajin ƙarshe a jami'a malamina ya ba ni wasu tsofaffin wasiƙun Ingila da aka ɗauko daga wani daɗaɗɗen bugu, ya ce in kwafe da hannu. Wata uku na yi a kai, da dare ga fitilar ƙwai. Duk "hath" da "doth" na mayar da su "has" da "does". "Lov'd" da "walk'd" na cusa musu harafin da na ɗauka mantawa aka yi. Dogon harafin s na da, mai kama da f, wanda masu ɗab'i suka watsar wajen 1800, shi kuma f na yi ta karanta shi. Da na kai aikin, malam ya duba shafi biyu ya rufe, ya ce na goge abin da aka aike ni nema. Abin nema kuwa shi ne yadda ɗafin -eth a ƙarshen aikatau ya riƙa ja da baya a ƙarni na 16 da na 17, -s da ta taso daga arewacin Ingila tana cin wurinsa. Shakespeare kan haɗa su biyun a layi guda. "Hath" da "doth" su suka fi daɗewa kafin su sallama. Ni kuwa na bi sawun nan da tsintsiya.

Amma a yi mini adalci. Mu da bulala aka koya mana rubutu, ka kuskure harafi ɗaya a shifta ka sha dorina. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa rubutun Turanci bai zauna daram ba ko bayan ƙamusun Samuel Johnson na 1755, ko cewa a kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 "chuse" aka rubuta, marubuciyar Ingila Jane Austen ma haka take rubutawa. Ta ina ɗan ƙauye zai san wannan? Sai dai kalmar da ta maimaitu sau hamsin a hannun mutane daban-daban ta isa ta sa mai hankali ya tambaya. Ban tambaya ba, don ina ganin na fi matattun nan iya harshensu. Girman kan nan ya ci mini zangon karatu guda.

Ku yaran yanzu kam ba ku da uzurina. Komai na cikin wayarku, amma ba ku iya minti biyar a kan kalma ɗaya, jan layi kawai kuke bauta wa.

To, ku kwafi abin da idonku ya gani, harafi da harafi, ko da bai yi muku daɗi ba. Ku kashe gyaran nan na kwamfuta kafin ku fara, na'ura ba ta san ƙarni na 17 ba. Kalmar da ta shige muku duhu, ku neme ta a wannan intanet ɗin da nake faɗa a kansa, akwai ƙamusoshi masu nuna tsohuwar sigar kowace kalma. Kuma kada wani ya ji wannan ya je ya rubuta "hath" a jarrabawa ko takardar neman aiki, faɗuwa zai yi. In ma yaran firamare za ku karanta wa, ku sauƙaƙa musu, amma ku adana na asalin.

Na tambayi yarinyar ko ta ajiye kwafin farko. Ba ta ajiye ba. Shafi goma sha ɗaya za ta sake daga hoton wasiƙar, kuma har yanzu ba ta yi mini magana.